Uba Biyu, Fili Ɗaya: Tarihin Ƙungiyar Besbol ta Jami'ar Waseda

A ranar Asabar, 16 ga watan Oktoba na shekarar 1943, ɗaliban wasu jami'o'i biyu na birnin Tokyo suka taru a wani fili da ke unguwar Totsuka domin wasan besbol. Babu kofin da za a ɗauka, 'yan kallo kusan duk ɗalibai ne, gasar da aka saba yi kuwa gwamnati ta rushe ta tun watanni shida baya. Waseda ta doke Keio da ci 10 da 1, amma ba wanda ya bar filin yana zancen ci, domin kowa ya san cewa kafin shekarar ta ƙare yawancin samarin da suka yi wasan za su kasance cikin kakin soja. Wasu daga cikinsu ba su sake riƙe ƙwallo ba har abada. Yadda aka yi wasan da aka aro daga Amurka ya zama abin da samarin Japan suka zaɓa su yi bankwana da shi, alhali ƙasarsu na tsakiyar yaƙi da Amurka, labari ne da ba ya fahimtuwa sai an koma shekara arba'in baya, an duba mutum biyu da suka raini ƙungiyar Waseda, kowannensu da irin tarbiyyar da ya so ya ba ta.

Ga wanda bai san wasan ba, besbol ƙungiyoyi biyu ke yin sa, kowace da mutum tara. Ɗaya tana jifa da tsaron fili, ɗayar tana bugu. Mai jifa ya wurga wata ƙaramar ƙwallo mai tauri, mai bugu ya nemi ya make ta da sanda, in ya samu ya sheƙa da gudu yana bin tashoshin da aka jera a kusurwoyin fili. Wanda ya zagaye su ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. In an fitar da masu bugu uku sai a yi musanya, haka har zagaye tara. Wani malami Ba'amurke mai suna Horace Wilson ne ya koya wa ɗalibansa wasan a Tokyo a 1872. Kafin ƙarshen wannan ƙarni ya kama ƙasa a manyan makarantu, Japanawa suka raɗa masa suna da harshensu, yakyu, ma'ana ƙwallon fili. A 1896 ɗaliban makarantar Ichiko suka lallasa kulob ɗin Amurkawa mazauna Yokohama da ci 29 da 4, ƙasa ta ɗauka da murna kamar an ci yaƙi.

Waseda ta shigo sahu a makare. Okuma Shigenobu, ɗan siyasar da daga baya ya riƙe muƙamin firayim minista sau biyu, shi ya kafa makarantar a 1882, kuma sai a 1902 ta samu sunan jami'a. An kafa ƙungiyar besbol ɗinta a 1901, aka ɗora shugabancinta a kan wani malami mai suna Abe Isoo. Mutumin nan ba gwanin besbol ba ne, tanis ya fi so. Kirista ne da ya yi karatun addini a Hartford ta Amurka, ya kuma rungumi aƙidar gurguzu irin ta lumana. A cikin wannan shekara ta 1901 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar gurguzu ta farko a Japan, wadda hukuma ta haramta kwana biyu kacal bayan kafa ta. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Japan da Rasha a 1904, Abe na cikin 'yan tsirarun da suka fito fili suka ce ba su yarda ba. Ra'ayinsa game da wasanni daga nan ya taso: yana ganin idan samarin ƙasashe suka saba haɗuwa a fili suna gwada ƙarfi bisa ƙa'ida, su yi musafaha su watse, to wata rana gasa za ta iya rage wa bindiga aiki. Ana iya yi wa wannan tunani dariya yau, bayan an ga abin da ƙarni na ashirin ya haifa, amma shi bai ɗauke shi wasa ba, kuma a kansa ya gina ƙungiyar.

A 1903 'yan Waseda suka rubuta wa Keio takardar neman karawa. Keio ta girme su nesa ba kusa ba, domin Fukuzawa Yukichi ya kafa ta tun 1858, kuma ƙungiyarta ta riga ta yi suna. Takardar cike take da ladabi irin na ƙane da ke neman yaya ya koya masa. Aka haɗu a filin Keio da ke Mita ranar 21 ga Nuwamba, Keio ta yi nasara da ci 11 da 9. Daga wannan rana aka fara abin da Japanawa ke kira Sokeisen, wato karon Waseda da Keio, wanda har yanzu shi ne babbar hamayya a wasannin jami'o'in ƙasar.

Abe ya yi wa yaransa alkawari cewa in suka cinye dukkan manyan wasanninsu zai kai su Amurka. A 1904 suka cinye, har da Ichiko da ake ganin ba mai iya tankwara ta. Alkawari kaya ne. Sai dai ƙasa na cikin yaƙi, ana ta kai matasa Manchuria suna mutuwa, mutane da yawa suka ga rashin ta-ido ne a kwashi kuɗi a tura ɗalibai wasa ƙetare. Okuma ya goyi bayan Abe, jami'a ta ba da kuɗi, a watan Afrilu na 1905 suka shiga jirgin ruwa. Su ne ƙungiyar besbol ta farko daga Japan da ta je wata ƙasa yin wasa. Sakamakon bai yi daɗin ji ba: wasa 26, nasara 7, shan kashi 19, tun daga karon farko da Jami'ar Stanford ta yi musu ci 9 da 1. Mai jifa ɗaya, Kono Atsushi, shi ya ɗauki kusan dukkan wasannin, har Amurkawa suka laƙaba masa sunan mutumin ƙarfe.

Abin da suka dawo da shi ya fi abin da suka rasa. Sun ga takalma masu ƙusoshi da ke hana zamewa, da safar hannu ta fata mai inganci, da yadda mai jifa ke murɗa jiki ya tara ƙarfi kafin ya saki ƙwallo, da dabarar tare ƙwallo da sanda a hankali domin abokin wasa ya ci gaba zuwa tasha ta gaba, da ɗumama jiki kafin a fara. A nan ne halin Abe ya bayyana sarai, domin bai yarda a ɓoye wannan ilimi ya zama sirrin Waseda ba. Kyaftin ɗin ƙungiyar, Hashido Shin, ya rubuta littafi a kan sababbin dabarun a cikin shekarar, 'yan wasan kuma suka riƙa zagaya makarantu suna koyarwa, har abokan hamayyarsu na Keio suka amfana.

Akwai kuma abin da suka kwaso wanda ya zame musu alaƙaƙai, wato shirya 'yan kallo su yi ihu da waƙa baki ɗaya kamar yadda ɗaliban Amurka ke yi. A kakar 1906 aka shirya wasa uku da Keio. Keio ta ci na farko a Totsuka, ɗalibanta suka wuce ƙofar gidan Okuma suna sowa. Waseda ta ci na biyu a Mita, nata ɗaliban suka rama a ƙofar gidan iyalan Fukuzawa. Kafin na uku gari ya ɗauki zafi, ana rigima kan rabon wurin zama, ana aika wa alƙalin wasa barazana. Hukumomin makarantun biyu suka soke wasan. An zaci hutun 'yan watanni ne, ashe shekara 19 za a yi ba a sake haɗuwa ba. Ko da aka kafa gasar jami'o'i uku a 1914 tare da Meiji, sai aka tsara ta yadda kowace za ta kara da Meiji amma Waseda da Keio ba za su haɗu ba, kamar kishiyoyi biyu da ke aika saƙo ta bakin ɗan maƙwabta. Malamin da ya yi fatan wasa zai sasanta ƙasashe ya kasa sasanta unguwanni biyu na gari ɗaya.

Masu sukar wasan suka samu abin faɗa. A 1911 jaridar Tokyo Asahi ta jera maƙaloli na makonni kan illar besbol ga ɗalibai. Nitobe Inazo, shugaban Ichiko a lokacin, ya kwatanta shi da sana'ar 'yan sane, tun da a cikinsa ana satar tasha ana kuma yaudarar abokin karawa. Abe ya tsaya ya kare wasan a rubuce da kuma a tarukan jama'a. Shekara huɗu bayan haka 'yar'uwar wannan jarida ta birnin Osaka ta ƙaddamar da gasar makarantun sakandare ta ƙasa baki ɗaya, wadda ake yi har yau a filin Koshien. Ashe gubar na sayar da jarida.

A cikin wannan tsakani ne uba na biyu ya fito. Tobita Suishu ɗalibi ne a Waseda, kuma shi ne kyaftin a 1910 sa'ad da Jami'ar Chicago ta ziyarci Japan ta doke Waseda a dukkan wasanni shida da suka yi. Tobita bai ɗauki abin a matsayin darasi kamar yadda Abe ya ɗauki shan kashin 1905 ba, ya ɗauke shi a matsayin abin kunya, ya ajiye wasa. Ya shiga aikin jarida, amma abin na ci masa tuwo a ƙwarya. A 1919 ya bar aikin ya dawo a matsayin kocin Waseda na farko, a kan albashin da bai kai wanda ya bari ba, da manufa guda: ya rama abin da Chicago ta yi masa.

Horonsa ya yi suna har ana kiransa horon mutuwa. Yakan yi ta buga wa ɗan wasa ƙwallo yana bi yana cafkewa har sai ya faɗi ya kasa tashi. A wurinsa filin horo ya fi ranar wasa daraja, domin a nan ake gyara zuciya, kuma ya ɗauki besbol tamkar fasahohin yaƙi na gargajiya irin su takobi, inda ake neman tarbiyyar rai kafin ƙwarewar hannu. Takensa shi ne a zuba rai gaba ɗaya a cikin kowace ƙwallo guda. A 1925 ya samu abin da yake nema. A kakar wannan shekara aka kafa gasar manyan jami'o'i shida na Tokyo, wato Waseda, Keio, Meiji, Hosei, Rikkyo da Jami'ar Tokyo, aka dawo da Sokeisen, Waseda ta ci wasan farko 11 da nema, ta ɗauki kofin farko, ta kuma rinjayi Chicago da ta sake kawo ziyara. Tobita ya ga bashi ya biyu, ya ajiye aikin koci, ya koma rubutu a jaridar Asahi, inda ya shafe shekaru yana cusa wannan aƙida a zukatan malamai da ɗaliban sakandare na ƙasar baki ɗaya.

Bai kamata a ɗauka mutanen biyu abokan gaba ne ba. Tobita ɗalibin Abe ne, yana girmama shi matuƙa, kuma sun haɗu a kan abu ɗaya mai muhimmanci: cewa wasan ɗalibi tarbiyya ne, ba hanyar neman kuɗi ba ce. Inda suka rabu shi ne me tarbiyyar za ta haifar. Abe na son mutum mai adalci da zai iya shan kashi ya miƙa hannu, ya kuma koyi wani abu daga wanda ya kayar da shi. Tobita na son mutum mai juriya da ba ya jin zafi. A ganina tarihin ya fi yi wa Tobita biyayya, kuma wannan ba lallai ne abin murna ba.

Shekarun da suka biyo baya su ne lokacin da besbol ɗin jami'a ya fi kowane wasa farin jini a Japan, tun kafin a kafa gasar ƙwararru a 1936. An buɗe filin Meiji Jingu a 1926, rediyo ya fara kai Sokeisen gidajen mutane, a 1929 sarkin Japan da kansa ya zo kallo. Kuɗin tikiti ya yi yawa har Ma'aikatar Ilimi ta fito da doka a 1932 ta sa wa wasan ɗalibai linzami, linzamin da daga baya aka ja shi har ya shaƙe dokin. Tsohuwar cutar ma ba ta warke ba. A Oktoban 1933 magoya bayan Waseda suka riƙa jifan ɗan wasan Keio mai suna Mizuhara Shigeru da shara, shi kuma ya ɗauki ragowar tuffa ya mayar musu. Bayan Keio ta ci wasan suka ɓarke cikin fili, sai da 'yan sanda suka shiga tsakani. Tun daga lokacin aka tsayar wa kowace makaranta gefenta a filin, Waseda ɓangaren tasha ta farko, Keio ɓangaren ta uku, kuma haka ake zama har yanzu.

Da Japan ta shiga yaƙi da Amurka a Disamban 1941, besbol ya zama wasan abokan gaba. A gasar ƙwararru aka hana amfani da kalmomin Turanci, aka ƙirƙiro na Japananci a madadinsu. A watan Afrilu na 1943 Ma'aikatar Ilimi ta rushe gasar jami'o'i shida. Abe ya tsufa, ya riga ya bar siyasa tun 1940, kuma hujjarsa ta zumuncin ƙasashe ba mai sauraronta a wannan zamani, faɗin ta ma haɗari ne. Hujjar Tobita ce ta rage. Ya riƙa gaya wa hukumomi cewa wasan ɗalibai ya daina zama na Amurka, ya zama hanyar horar da ruhin Japanawa, mai koyar da biyayya da sadaukarwa. Da wannan harshe ƙungiyar Waseda ta ci gaba da horo a lokacin da sauran suka watse. Dole a faɗi gaskiya biyu a nan. Ba don wannan hujja ba da ƙungiyar ta mutu. Amma hujjar ta yi aiki ne domin ta yi daidai da abin da sojoji ke son ji, wato cewa matashin kirki shi ne wanda aka koya wa ya jure ya yi shiru.

A farkon Oktoba gwamnati ta janye sassaucin da ya hana ɗaukar ɗaliban fannin adabi da shari'a da tattalin arziki aikin soja. 'Yan wasan Keio suka roƙi shugaban jami'arsu, Koizumi Shinzo, ya bar su su kara da Waseda sau ɗaya kafin su tafi. Koizumi, wanda ɗansa ya riga ya mutu a yaƙin a 1942, ya amince nan take. Matsalar ta taso daga Waseda, inda shugaban jami'a Tanaka Hozumi ya ƙi sa hannu don gudun fushin hukuma. Tobita da shugabannin ƙungiyar suka yi ta kai gwauro suna kai mari, daga ƙarshe suka ɗauki nauyin abin a wuyansu, suka tsayar da rana a filinsu na Totsuka. 'Yan Keio da yawa sun riga sun tafi garuruwansu yin sallama da iyaye, aka kira su da gaggawa, suka zo ba horo, shi ya sa tazarar cin ta yi yawa. Koizumi ya ƙi kujerar manyan baƙi, ya zauna cikin ɗalibansa. Da aka tashi, kowane ɓangare ya rera waƙar ɗaya makarantar, abin da a 1906 ko a 1933 ba wanda zai yi mafarkinsa. Wannan kam ranar Abe ce. Sai kuma duka filin ya ɗauki wata waƙar soja mai yabon mutuwa saboda sarki. Kwana biyar bayan haka aka yi faretin sallamar dubban ɗalibai cikin ruwan sama a harabar Meiji Jingu. Cikin waɗanda suka buga wa Waseda a ranar akwai Kondo Kiyoshi, wanda ya mutu a 1945 yana tuƙa jirgin ƙunar baƙin wake a yaƙin Okinawa.

Wani ƙaramin abu da aka yi a ɓoye ya taimaka wajen farfaɗo da wasan. Manajan ƙungiyar, ɗalibi mai suna Aida Choichi, ya tara sanduna da ƙwallaye masu yawa aka adana su a gidan kwanan 'yan wasa, suka kuma tsira daga ruwan bama-baman da ya ƙone Tokyo. Da yaƙi ya ƙare a Agustan 1945 babu fata babu roba a ƙasar, waɗannan kaya aka rarraba wa sauran makarantu. Ranar 18 ga Nuwamba, wata uku kacal da miƙa wuya, tsofaffi da sababbin 'yan wasan Waseda da Keio suka kara a Jingu, filin da a lokacin ke hannun sojojin Amurka. Gasar jami'o'i shida ta dawo a 1946, kuma a wannan shekara aka naɗa Abe shugaban sabuwar ƙungiyar besbol ta ɗalibai ta ƙasa. Ya rasu a 1949, aka sa wa filin Totsuka sunansa.

Koyarwar Tobita ba ta tafi da yaƙin ba. A kakar 1960 aka yi ta neman zakara tsakanin Waseda da Keio har wasa shida cikin mako guda, biyu daga ciki duhu ya raba su ba wanda ya ci, domin filin Jingu ba shi da fitilu a lokacin. Mai jifan Waseda, Ando Motohiro, ya yi wasa biyar daga farko har ƙarshe, huɗu a jere ba wanda ya karɓe shi, ya wurga ƙwallo 564, Waseda ta ɗauki kofi. Har yau ana ba da labarin da alfahari. Sai dai likitocin wasanni sun daɗe suna nuna yadda irin wannan jifa ke lalata kafaɗa da gwiwar hannun matasa, kuma sai a 2020 aka fara ƙayyade yawan jifa a gasar sakandare, ƙwallo 500 a mako. Da Ando yaron sakandare ne a yau, da doka ta zaunar da shi kafin a gama wasan ƙarshe.

Gasar ƙwararru da talabijin sun karɓe yawancin 'yan kallo, duk da cewa Sokeisen na cika Jingu sau biyu a shekara, kuma Waseda ba ta daina fitar da gwanaye ba, irin su Wada Tsuyoshi da Aoki Norichika, waɗanda suka taimaka mata a jerin kofuna huɗu na 2002 da 2003, daga baya suka je Amurka suka yi wasa a babbar gasarta. Filin Totsuka kuwa an rufe shi a 1987, ƙungiyar ta koma Higashi-Fushimi a yammacin Tokyo. A wurin da aka yi wasan 1943 yanzu babban ɗakin karatu na jami'a ne ke tsaye, kuma a bakin shigarsa akwai mutum-mutumi biyu, na Abe da na Tobita, ɗalibai na wuce su kullum da littattafai a hannu.